Ɗan sahu ya daki bayan motata a Na'ibawa: in karɓi dubu 30 ko in kai shi caji ofis?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Yau wajen bakwai da rabi ina kai yara makaranta gosulo ya riƙe mu a Titin Zariya, daidai Na'ibawa. Na gabana ya taka birki, na taka, sai ji na yi gwaf ta baya. Ɗan adaidaita sahu ne. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, ƙaramar ce kawai ta firgita. Bamba ta tsage, fitilar hagu ta fashe, but ɗin ma sai da na ɗaure shi da igiya. Corolla ce 2008, mai gyara ya ce dubu 95. Yaron ya ce mashin ɗin ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, dubu 30 zai iya, su ma kashi uku. Shugaban tasharsu ya tsaya masa. Maigidan ya yi tafiya, sai ƙarshen wata. In karɓa ko in kai ƙara?

Abu Sadiq: Allah ya tsare gaba. Ki tura maigida ya same su, waɗannan yaran ba sa jin maganar mace.

Maman Hanif: Malam, na ce ba ya gari.

Ummu Khairat: Ba ki da inshora ne? Ai su za su biya.

Injiniya B.: In ta dubu 15 ɗin nan ce da aka koma biya tun 2023, ba motarki take rufewa ba, Hajiya. Wanda kika buga take biya wa, har miliyan 3. Abin tambaya, mashin ɗinsa na da ita? Kuma ta gaske ce, ba takardar da ake bugawa a gindin bishiya ba? Ana dubawa da lambar mota a intanet.

Na-Kurna: Hajiya, ki ji tawa. Bara waccan, wato shekara biyu ke nan, wata bas ta nutsa min baya a Titin Katsina, ni ma da sassafe, ina tsaye cak. Na ce gaskiya tawa ce, sai hukuma. Aka ja motocin biyu. Kwana goma sha ɗaya motata na ajiye a rana, yau a ce mai binciken ya fita, gobe a ce sai an auna wurin. Kullum ni ne a sahu zuwa kasuwa, ni ne a sahu zuwa wurinsu. Ranar da na je ɗauka batir ya mutu, madubin dama babu, wai ba su san da shi aka kawo ta ba. Direban kuwa? Dattawan unguwarsu suka cika min zaure, har da limami, a yi haƙuri maraya ne. Dubu 20 ya ba ni, na kashe sama da ɗari. Har yau in na ga bas a madubi sai cikina ya ɗuri ruwa.

Ummu Khairat: Innalillahi. Madubin ma?

Na-Kurna: Har da tabarmar ƙafa, 'yar uwa.

Oga Fanel Bita: Dubu 95 an cuce ki. Ki je Kofar Ruwa, bambar Corolla ta Beljiyam ba ta wuce 28, fitila 15. But ɗin bugu ne kawai.

Abu Sadiq: 28 a wace shekara? Watan jiya na saya 55, ban da fenti.

Oga Fanel Bita: Da babbar riga ka je, shi ya sa.

Ɗan Fagge: Ko ki bar igiyar nan, Hajiya. Rabin motocin Kano igiya ce ke riƙe da su, sauran addu'a.

Injiniya B.: A bar wasa. Ƙa'ida a fili take, na baya shi zai bar tazara. A rubuta yarjejeniya, shugaban tasha da mai mashin su sa hannu, a ɗauki hoton ɓarnar.

Oga Fanel Bita: Injiniya, kai a takarda ka san mota. Shekarata 19 ina daddaɓe irin wannan, ban taɓa ganin ɗan sahun da ya cika kashi na uku ba.

Injiniya B.: Kai da haɗari ke kawo wa ciniki, shawararka za a bi?

Baban Ilham: Ni sahu nake ja, a yi mana adalci. Kafin ka ci naira ɗaya sai ka haɗa balas da kuɗin mai. Kuma masu motoci nawa ne ke tuƙi da waya a kunne su take birki ba dalili?

Maman Hanif: Wayata na jaka, Malam. To ni dai in karɓi talatin ɗin?

Ummu Khairat: Ku kuma fa da kuke tsayawa a tsakiyar titi da zarar fasinja ya ɗaga yatsa? Amma wallahi masu bin hannun da ba nasu ba sun fi ba ni haushi. Jiya a Unguwa Uku wani mai jif ya taho min gaba da gaba, yana kunna min fitila wai ni zan kauce.

Ɗan Fagge: Baƙin gilashi gare shi?

Ummu Khairat: Wuluk. Lamba ma a rufe da leda.

Na-Kurna: Irin su ai ba a tsayar da su. Ni da takarduna cif, sau biyu aka tare ni ranar Litinin.