Aiki yana hannu, kuɗi suna ƙarewa kafin a kai rufi: ina matsalar take?

Magini daga Tudun Jukun:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin gine-gine a nan Zariya, kuma yanzu haka ayyuka uku ne a hannuna: gida a Gyallesu, shaguna a Sabon Gari da katangar wata makaranta a hanyar Samaru. Abin da ke damuna shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Duk lokacin da aka ba ni kuɗin kafin alƙalami sai in ga kamar na samu, amma da zarar gini ya wuce linta an fara maganar katako da kwano, sai in tarar asusu ya bushe, har in ɗebi kuɗin wani aikin in sallami birkiloli da leburorin wani. Ranar Alhamis da ta wuce na tsaya a gaban kafinta da littafina a hannu, na kasa gaya masa ko gidan Gyallesu riba nake ci a kansa ko hasara. Ina roƙon masana su nuna mini inda nake kuskure.

Akanta daga Kongo:

Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren yana cikin maganarka ta farko, domin kuɗin kafin alƙalami ba naka ba ne, amanar mai gini ce da za ka mayar masa da ita a matsayin bulo da rodi da rufi. Ribarka ba ta tabbata sai an auna aikin da aka kammala an cire abin da ya ci. Saboda haka ka ware wa kowane aiki littafinsa, in da hali har da asusunsa na banki, ka rubuta kowace tifar yashi da kowane buhun siminti da ladan kowane lebura a ƙarƙashin aikin da ya cinye su, tare da rasit. Idan dole ta sa ka ɗauki kuɗin aikin shaguna ka zuba a ginin gidan Gyallesu, to ka rubuta shi bashi ne, da ranar mayarwa. Sannan ka yanka wa kanka albashi na wata, domin cefanen gida da kuɗin makarantar yara da ake zara kaɗan-kaɗan daga kuɗin aiki su ne suka fi karya ƙananan 'yan kwangila, kuma ba a ganinsu sai an zo rufi.

Tsohon ɗan kwangila daga Tudun Wada:

Ɗana, maganar akanta gaskiya ce, amma ko littafinka ya fi na kowa tsafta, kasuwa tana iya cinye ka. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tifa ya tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wanda ya yanke farashi tun kafin lokacin, bai rubuta sharaɗin sauyin farashi ba, daga aljihunsa ya cika. Ni idan kuɗi suka shigo, rodi da kwano nake fara saya domin suna jure ajiya, siminti kuwa ba na tara wanda zai wuce 'yan makonni, musamman da damina, saboda danshi yana daskarar da shi. Abin da ya fi ci mini rai a shekarun da na yi shi ne ƙarin aiki na fatar baki. Mai gida zai zo da yamma ya ce a ƙara taga, a ɗaga katanga layi biyu, a sauya tayil, kai kuma kunya ta hana ka kawo maganar kuɗi. Ka rubuta, ka sa farashi, ya sa hannu kafin birkila ya taɓa bulo. Wanda ya ƙi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai ƙididdigar kayan gini daga Samaru:

Zan ƙara da abin da ake cirewa kafin kuɗi su iso hannunka, idan da hukuma ko makaranta kake aiki. Yawanci ana riƙe kashi 5 cikin 100 har sai an ga ginin bai nuna aibi ba, sau da yawa wata 6 bayan miƙa shi. A kwangilar naira miliyan 20, miliyan 1 ke nan, wato rabin ribarka idan kashi 10 ka lissafa. Ga harajin VAT, wato na kayayyaki da ayyuka, da ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, ga harajin da ake zarewa tun daga tushe, wanda ya kamata ka karɓi takardar shaidarsa domin a rage maka shi a harajin shekara.

Magini daga Tudun Jukun:

Allah ya saka muku da alheri. Na sayi littattafai uku yau a kasuwar Sabon Gari, kuma da na fara tattara rasit sai na gano buhu 40 na simintin katangar makaranta a gidan Gyallesu suka shiga. Baba, don Allah yaya kake rubuta sharaɗin sauyin farashin nan yadda mai gida ba zai ga kamar ina shirin cutarsa ba?