Shin yawan fitar maniyyi yana rage wa namiji testosteron?

Baƙon Zaure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ta cika WhatsApp da TikTok, wai namijin da ya riƙe maniyyinsa kwana bakwai testosteron ɗinsa, wato sinadarin maza, zai ninka, wai kuma yawan kusantar iyali, ko istimna'i, ko yawan mafarki yana zuƙe shi har mutum ya rame, gwiwa ta mutu. Masu tallan magani da lasifika a bakin kasuwa kuma cewa suke basir da sanyin mara ne ke cinye ƙarfin namiji. Ba hukuncin addini nake tambaya ba, wannan na malamai ne. Ta fuskar jiki mene ne gaskiya? Kuma wanda ke zargin nasa ya yi ƙasa, ta ina zai fara?

Likitan Mafitsara:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutane sun ɗauki testosteron kamar ruwan randa, kana ɗiba yana raguwa. Hanyarsa da ta maniyyi ma daban ce. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba, sunanta fituwitari. Ita ke sakin sinadarin LH cikin jini, shi kuma ya isa 'ya'yan maraina ya sa su haɗa testosteron. Abin da suka haɗa jini yake bi ya zagaya jiki. In ya yi yawa ƙwaƙwalwa ta rage LH, in ya yi ƙasa ta ƙara. Haka ake yi dare da rana, mutum ya kusanci iyalinsa ko bai kusanta ba.

Maniyyi kuwa, a fita ɗaya da wuya ya wuce cokalin shayi, mililita 1.5 zuwa 5. Mafi yawansa ruwa ne daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, sai na furostat, wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsara. Ƙwayoyin haihuwa ɗan kaɗan ne a ciki, ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ba jini ba ne, ba ɓargo ba ne, kuma jiki na ci gaba da haɗa wani.

Maganar kwana bakwai tana da asali. Wani bincike ne da aka buga a China a 2003 a kan maza 28 kacal. Sun ce daga kwana na biyu zuwa na biyar kusan ba abin da ya canza, a na bakwai sinadarin ya kai kashi 145 cikin 100 na yadda yake da farko. Ƙarin kusan rabi ke nan, ba ninki ba, kuma na rana ɗaya, bai ɗore ba ko da an ci gaba da ƙauracewar. A 2021 mujallar ta janye takardar saboda an riga an buga abin da ke cikinta a wani wuri. Mutum 28 da tashin kwana ɗaya ba su isa a gina wa maza ƙa'ida a kansu ba.

Kasalar da ake ji bayan inzali gaskiya ce, amma furolaktin, wani sinadarin fituwitari, da wasu sinadarai ne ke tashi su kwantar da jiki. Saurayi kan farfaɗo cikin mintuna, dattijo yana iya kwana ɗaya ko fiye. Wannan ba alamar wani abu ya ƙare ba ne.

Inda ɗabi'a ke cutarwa shi ne barci. Mafi yawan testosteron na yini cikin barci ake haɗa shi. A 2011 an gwada samari 10 a Jami'ar Chicago, aka taƙaita musu barci zuwa awa 5 na tsawon mako guda, sinadarin ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Yaron da ke kwana a kan waya yana kallon batsa har ƙarfe uku, ya tashi asuba, dole ya wuni a mace. Sai ya ɗora laifin kan maniyyin da ya fita, damuwa da zargin kai su ƙara karya shi, in ya yi aure ya shiga ɗaki da fargaba. Ita fargabar kaɗai ta isa ta hana gaba miƙewa ko ta jawo saurin inzali, alhali jininsa lafiya lau.

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Likita ya gama da ɓangarensa, bari in amsa tambaya ta biyu. Alamomi uku ne suka fi nuna ƙarancin testosteron: sha'awa ta ragu sosai, miƙewar asuba ta ɗauke, gaba ba ta tsayawa. In aka haɗa da 'ya'yan maraina sun ƙanƙance ko nono ya fara fitowa, zargin ya ƙara ƙarfi. Gajiya kawai ba hujja ba ce, ƙarancin jini ma na kawo ta.

Gwajin jini ne, amma yana da sharuɗɗa, kuma a nan ake yawan ɓata kuɗi. A ɗibi jinin tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kafin karin kumallo, domin abinci, musamman mai zaƙi, yana saukar da shi na ɗan lokaci. A jikin matashi, abin da za a samu da la'asar yana iya gaza na safe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kada a yi gwajin ana cikin zazzaɓi ko an tashi daga jinya, a bari sai an murmure. Mai aikin dare a ɗibi nasa bayan ya tashi daga barcinsa. Kuma sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a wata safiyar.

Iyakar da likitoci da yawa ke aiki da ita ita ce nanogiram 300 a desilita, wato kusan nanomol 10.4 a lita. A duba ma'aunin da aka rubuta a takarda, domin wani ya ga 15 ya firgita, alhali da nanomol aka auna, kuma daidai yake.

In ya fito ƙasa sau biyu, sai a ƙara gwajin LH, FSH (sinadarin fituwitari da ke sa maraina su haɗa ƙwayoyin haihuwa), furolaktin da suga. LH sama, testosteron ƙasa: matsalar a maraina take, kamar wanda hangum ya sauko masa bayan balaga, ko ya ji rauni a wurin. LH ƙasa ko tsaka-tsaki: matsalar daga umarnin ƙwaƙwalwa take, sai a duba ƙiba, ƙwayoyi, ko ƙari a fituwitari. Masu sikila, musamman waɗanda aka yi wa ƙarin jini da yawa, su ma suna cikin waɗanda ya kamata a duba.

Gwajin testosteron ba ya buƙatar a ƙaurace wa iyali. Gwajin maniyyi ne ke buƙatar kwana 2 zuwa 7 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, a kai shi ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, a riƙe kwalbar a jiki kada ta yi sanyi.

Mai Kemis:
Malam Baƙo, abin da ke kashe testosteron a gaban idonmu ba a maganarsa. Tiramadol ne. Samari na shan sa don su jinkirta inzali, kuma da farko yana yi. Amma shi da kodin da 'yan'uwansu suna danne umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, bayan watanni sha'awar ta mutu, gaba ta saki, sai mutum ya ƙara yawan ƙwayar yana zaton gyara yake. Ga haɗarin farfaɗiya in an sha da yawa. Wanda ya saba kada ya yanke rana ɗaya, asibiti zai je a rage masa sannu a hankali.

Na biyu allurar testosteron, irin su Sustanon, da 'yan ɗaga ƙarfe da angwaye ke nema ba tare da gwaji ba. Da ta shiga jini ƙwaƙwalwa ta ga ya wadata, ta rufe LH da FSH, maraina su daina aiki su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci su ɗauke ƙaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar a matsayin maganin hana haihuwa na maza, a rahoton 1990 kusan biyu cikin uku na mazan ƙwayoyinsu sun ɗauke cikin wata shida. Bayan an daina, dawowarsu kan ɗauki watanni, wani har shekara biyu. Tana kuma kaurara jini, shi ya sa ake bin PCV, gwajin yawan jajayen ƙwayoyin jini, in ya kai 54 a dakata. Don Allah mai neman haihuwa ya nisanci wannan allura.

Basir jijiyoyin dubura ne suka kumbura, ba su da hanya zuwa maraina. Abin da ke haɗa basir da raguwar testosteron sau da yawa zama wuri ɗaya ne da tumbi. Kitsen ciki yana juya testosteron ya koma estirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, don haka rage tumbi na ɗaga shi da gaske. Ruwan gora na ƙarfin maza kuwa, NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu, kuma wasu ana zuba musu sildenafil a ɓoye, maganin da ke cikin Viagra. Shi jijiyoyin jini yake buɗewa, ba ya ƙara testosteron ko kaɗan, kuma in ya haɗu da maganin ciwon ƙirji irin na ƙarƙashin harshe jini na iya faɗuwa warwas.

Baƙon Zaure:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Likita: tsinkewar maniyyi da yawan ganin maziyyi fa?

Likitan Mafitsara:
Amin, ɗan'uwa. Kaurin maniyyi yana bin tazarar fitarsa da yawan ruwan jiki, kuma kowane maniyyi kan tsinke da kansa cikin minti 15 zuwa 30 bayan ya fita. Ido ba ya gane yawan ƙwayoyi, sai madubin ɗakin gwaji. Maziyyi daga wasu 'yan ƙullutai biyu ƙarƙashin furostat yake, aikinsa share hanya, shi da mafarki duk alamun jiki mai aiki ne. Abin da za a kai asibiti shi ne ruwa mai kama da mugunya da zafin fitsari, wannan ciwon sanyi ne kuma tare da iyali ake maganinsa, ko jini a maniyyi, wanda a garuruwan bakin ruwa sai an duba tsargiya. Wanda ya haura arba'in kuma gaba ta fara saki, a auna masa suga da hawan jini tun kafin testosteron, domin jijiyoyin gaba sun fi na zuciya sirantaka, sukan riga su toshewa da 'yan shekaru.