Wane suna ya dace da alamomin Morse a Hausa?

Jama'a, tun da na fara koyon aika saƙo da alamomin Morse, wato tsarin wakiltar kowane harafi da gajerun sautuka da dogaye, a rediyon sha'awa (wanda mutane ke sadarwa da juna da shi don sha'awa, ba don sana'a ba) nake neman sunan da zan kira abin da shi, kuma sunayen da aka ba ni ba su gamsar da ni ba.

Wasu sun ce "rubutun sirri", alhali babu sirri a cikinsa, domin tun 1865 ƙasashe suka amince da tsari guda a Faris, kuma dokar rediyon sha'awa ta hana ɓoye ma'anar saƙo. Wasu sun ce "ɗigo da layi", wanda ya dace da abin da ido ke gani a takarda, sai dai wannan sunan yana iya ɓatar da mai koyo, saboda duk wanda ya haddace jadawali da ido, da zarar saƙo ya yi sauri sai ya tsaya ƙirga ɗigo har harafi uku su wuce shi. Ni ma haka ta faru da ni, sai da na rufe takardar na bi hanyar wani masani Bajamushe, Ludwig Koch, wato farawa da harafi biyu kacal cikin cikakken sauri, ana ƙara ɗaya bayan kunne ya saba.

Shawarata ita ce "bugun Mos". Dama da "buga" muke faɗin aika waya, tun zamanin tangaraho, na'urar da Samuel Morse ya aika saƙo da ita daga Washinton zuwa Baltimo a 1844. Kalmar kuma tana tuna wa mutum cewa abu ne na hannu da kunne, kamar kiɗan kalangu.

Sautukan biyu kuwa a kira su "gajere" da "dogo", a furta su "di" da "daa". Dogo ya ninka gajere sau uku, kuma kunnen da ke rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba zai sha wahala a nan ba. Harafin A shi ne di-daa, N kuwa daa-di.

Abin da ya rage mana shi ne ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda ba su da bugu a tsarin duniya. Ina roƙon malaman harshe su duba, ko za mu riƙa bin b, d da k da wata alama, domin kada "ƙasa" ta isa wa mai saurare a matsayin "kasa".