Lissafi a cikin littafin labari: shawarwarin malamai

A tattaunawar da muka yi kan koyar da ƙananan yara lissafi ta littattafan labari, bakin malamai ya zo ɗaya: karatun farko na jin daɗi ne kawai. Sai a karo na biyu a tsaya a wani shafi a ce, "Agwagi nawa suka rage a tafkin?"

Inda aka fi daɗewa shi ne bambancin haddace lambobi da fahimtarsu. Ɗan shekara 3 zai rera ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan, amma ka ce ya miƙo maka maɓallai huɗu, sai ya damƙo cike da hannu. Don haka ya riƙa ɗora yatsa a kan kowane hoto yana ƙirgawa, sannan a tambaye shi, "To, duka nawa ke nan?" In ya koma ƙirgawa daga farko, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimilla ba tukuna. Wannan gwajin ya kwanta mini a rai ƙwarai.

An kuma ja kunne kan hotuna masu cunkoso, domin suna rikita ido. Labari mai maimaita kansa kuwa, a ɗan dakata kafin a juya shafi, yaron ya canki lambar da za ta biyo.