Neman shawara: sunan ƙanena ya fito cikin sojojin da za a kai waje

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena soja ne, a Depot ɗin nan Zariya ya yi horo, shekararsa shida a aiki, huɗu a Borno ya yi su. Makon jiya ya kira ni ya ce za a kai su Jaji horo, daga nan a fita da su ƙasar waje yaƙi da 'yan ta'adda. Shi murna yake yi, alawus ɗin can ya fi kauri, yana son ƙarasa gininsa. Hajiya kuwa tun da ta ji ko abincin kirki ba ta ci. Ta ce ni ne babba tun rasuwar Baba, in hana shi. Ni ma raina bai kwanta ba. Gonarmu ta wajen Giwa damina uku ba mu taka ta ba saboda 'yan bindiga, sannan a ce za a ƙara kwasar sojoji zuwa wata ƙasa? Me zan ce wa Hajiya, me zan ce masa?

Tsohon soja, Basawa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar hanawa ka cire ta tun yanzu. Soja ba ya zaɓar inda za a tura shi, in ka matsa har ya ƙi tafiya, kotun soja ka kai shi da hannunka. Na yi Laberiya a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ina Saliyo a 1998 lokacin da aka maido da Tejan Kabbah kan mulki. Mun baro abokai a ƙasa a can, har yau ina tuna fuskokinsu. Ka zaunar da shi ya duba sunan wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a takardun aiki, ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya tsara yadda kuɗi za su riƙa isa ga iyalinsa. Na ga gidajen da suka wahala kan wannan kaɗai.

Malamin makaranta, Samaru:
Baba tsohon soja ya yi gaskiya kan yaron, amma ni ba na goyon bayan ƙara tura sojoji waje. A Janairun 2013 muka tura sojoji Mali, tun kafin su bar Najeriya 'yan ta'addan Ansaru suka tare su a Okene ta jihar Kogi suka kashe biyu. Shekarar ba ta ƙare ba aka janyo yawancinsu, don gida ya fi buƙata. Faransa ta shiga Malin a 2013 da jirage da kuɗi, ta fita a 2022. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka bi bayanta a 2023, kuma 'yan ta'addan suna nan. Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan, Taliban ta koma Kabul a Agustan 2021. Mu da aka shigo mana har Kwalejin Nuhu Bamalli a 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ina muka ga rarar soja? A fara faɗa mana aikin da za su yi da ranar dawowarsu. Kuma tsarin mulki ya ce sai da amincewar Majalisar Dattawa ake kai soja yaƙi waje, ita ce ta ƙi yarda a afka wa Nijar a 2023.

Direban babbar mota, Kwangila:
Malam, ba duk waje ne waje ba. Ni ina bin hanyar Gamboru. A 2015 sojojin Chadi ne suka tsallako suka taya mu ƙwato Gamboru da Dikwa daga hannun Boko Haram. Da sun ce gida ya fi fa? Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ba su tsaya a kan iyaka ba. Gemun maƙwabci ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi ce, wadda Nijar ta fice daga cikinta a 2025, ni na yarda a ƙara. In wata uwa duniya ce, ina bayan Malam.

Matar soja, Sabon Gari:
Ɗan uwa, kada ka kai wa Hajiya wannan muhawarar. Ita tsoro take ji, ba hujja take nema ba. Mijina ya taɓa fita, abin da ya kwantar da hankalin surukata shi ne ya zo da kansa ya durƙusa ya nemi albarkarta, ya sa ranar da zai riƙa kira. Ku kuma gaya mata tun yanzu wani lokaci sai a yi sati ba sabis, kada shiru ya tayar mata da hawan jini.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, na kira shi, ashe sunan marigayi mahaifinmu ne har yanzu a takardar magaji, zai canza. Ya nemi izini zai zo ranar Juma'a ya ga Hajiya. Ku sa shi a addu'a.