Kwamfaila, maharhaɗi ko mafassari?

Jama'a, ku taya ni mu tsayar da magana kan kalmar compiler, wato manhajar da ke juya abin da mai shirya manhaja ya rubuta zuwa abin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa. Jiya na raba dare ina fama da wata laburare (tarin guntayen manhaja da ake ɗauka a yi amfani da su) ta harsunan C da C++ da ta ƙi ginuwa a wata tsohuwar na'ura mai tsarin Linux na CentOS 7, wadda compiler ɗinta GCC 4.8.5 ne, na 2015. Da na zo rubuta wa abokin aikina bayani da Hausa sai na cije: me zan kira wannan abu?

Shi ya ce maharhaɗi, kuma yana da hujja. A 1952 Grace Hopper ta rubuta A-0, wanda aikinsa shi ne ɗebo guntayen manhajar da aka riga aka rubuta ya harhaɗa su wuri guda. Sunan Turancin daga nan ya samo asali. Sai dai a yau wannan aiki ya fi kama da na linker, mai ɗinke guntayen a ƙarshe. In muka ba da maharhaɗi a nan, shi kuma linker mu kira shi wa?

Ni mafassari nake so, kuma wahalar jiya ce ta gamsar da ni. GCC 4.8 yana ɗaukar C a kan ƙa'idar 1989 in ba ka ce masa komai ba. Da ya ga for (int i = 0 sai ya tsaya cak, sai da na ƙara masa -std=gnu99, wato ya bi ƙa'idar 1999. Daga GCC 5 aka daina wannan rigima, domin ya koma gnu11, wato ƙa'idar 2011. Can kuma a ɓangaren C++, laburaren ta kira std::make_unique, wadda ta zo da ƙa'idar C++ ta 2014, shi kuwa GCC 4.8 bai taɓa jin ta ba. Dole na rubuta tawa, layuka kaɗan. Mafi ban haushi std::regex: ya karɓa bai yi gardama ba, sai an kunna manhajar take faɗuwa, don ba a kammala ta ba sai a 4.9. Duk wannan halin tsohon mafassari ne da ƙamusunsa ya tsufa. Wata kalmar ya ce bai sani ba, wata ya gyaɗa kai alhali bai gane ba.

Ga wata riba. Muna da tafinta, mai juya magana ana yi yana yi, wato daidai abin da interpreter ke yi. Mafassari kuwa sai ya gama littafin ya miƙa maka.

Kwamfaila ba laifi a baka, ni ma ita nake faɗa in ina sauri, amma a rubuce ba ta gaya wa ɗan koyo komai.

Saura laburare. Ɗakin karatu dai bai yi ba, rumbu kuma rumbun bayanai ya riga ya kama. Taska fa?