Wai "terms and conditions" me za mu kira shi a gwanjon intanet?

Jama'a ku zo mu yanke wannan magana. Ƙanina ne ya fara saka tsofaffin wayoyi da agoguna a gwanjo a wani guruf na WhatsApp, sai ya ce yaya dan Allah rubuta min "terms and conditions" da Hausa in dinga liƙawa ƙasan kowane kaya, wallahi na fi minti ashirin ina rubutawa ina gogewa.

Na san za ku ce "sharuɗɗa da ƙa'idoji", wanda ake karantowa da gudu a ƙarshen tallar banki a rediyo kamar an biyo mai maganar. Ni dai bai kwanta min ba. Bature ya jera kalma biyu mu ma muka jera biyu, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ƙa'ida ta mai wuri ce, kamar eBay, dandalin gwanjo da saye da sayarwa na intanet, da yake tun 1995 yana da nasa tsarin da ya hau kan kowa, ko Kwastam da ta fara gwanjonta ta intanet a 2017. Sharaɗi kuma na mai kaya ne, shi ke cewa na sallama maka amma da sharaɗin kaza. Wani abokina ya kawo "yarjejeniya", na ce ta yi nauyi, sai ka ce gida za a sayar a kira shaidu. "Doka" kuwa ta hukuma ce.

To ni na tsaya a kan SHARUƊƊAN CINIKI. Shi kenan.

Amma fa inda aikin yake shi ne abin da za a zuba a ciki, kuma nan ba ma buƙatar aro ko kaɗan don kasuwa ta gama mana. "Bid" ai tayi ne. "Reserve price" kuɗin sallama, wato duk tayin da bai kai nan ba amsarsa albarka. Kuɗin da ake fara ajiyewa kafin alƙalami ne, kason mai dandali la'ada. Sai a rubuta gajere yadda ake magana: tayi alkawari ne, ba a janyewa. Wanda ya ci ya biya cikin kwana kaza, in bai biya ba kaya ya koma ga mai bi masa (a eBay kwana 4 ne, daga nan mai kaya na iya soke cinikin). Kuɗin mota a kan mai saye. Sannan ba a sa ɗan'uwa ya dinga tayin ƙarya don kuɗi ya hau, wannan malamai najashi suke ce masa kuma hadisi ya hana, eBay ma ya hana.

Wanda ya fi ba ni wahala "as is". Ƙanin nawa ya so mu sa "yadda ka gan shi haka yake, ba a dawo da kaya", na ce malam ina ya gan shi? hoto ya gani, hoton ma kai ka zaɓi gefen da ya fi kyau ka ɗauka. A fiƙihu aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, haka a eBay ko ka rubuta ba ka karɓar kaya in an mayar, muddin abin ya saɓa da bayaninka sai ka karɓa. Don haka muka cire layin gaba ɗaya muka sa "aibin da ke jikinsa:" ya cike da kansa, gilas ya tsage ta gefe, batir ba ya kai yamma.

Saura "buy it now" ne ban samu ba, wato mai saye ya biya kuɗin da aka yanka ya ɗauki kaya ba sai an jira gwanjo ya ƙare ba, na rubuta "sallama nan take" amma kunnena bai gama yarda ba. 'Yan Kantin Kwari da 'yan Farm Centre, ya kuke cewa?